Farfesan da Ya Kwashe Kusan Shekara 50 Yana Nazarin Inda Ake Ajiye Mota

A duk lokacin da aka zo cike takardar neman ƙarin girma a jami'a, abin da kwamiti ke fara dubawa shi ne yawan maƙalun da malami ya wallafa, da darajar mujallun da suka fito a ciki, da kuma sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubuce-rubucen. Na zauna gaban irin wannan takarda ba sau ɗaya ba, ina jera maƙalu ina ƙirgawa kamar mai auna gyaɗa a bakin sikeli, ina kuma leƙa shafina na Google Scholar, mai ƙirga sau nawa aka ambaci aikin malami, don in ga ko lambar ta motsa. Ban raina wannan ma'auni ba, domin in babu shi son rai ne zai maye gurbinsa. Amma da labarin rasuwar Farfesa Donald Shoup ya iso gare ni a watan Fabrairun 2025, sai na tsinci kaina ina tunanin cewa mafi girman abin da mutumin nan ya yi ba shi da gurbi a takardar tamu, alhali a fagen nazarin sufurin birane da wuya a sami wanda aikinsa ya fita daga mujalla ya sauka a kan kwalta kamar nasa.

An haifi Shoup a garin Long Beach na jihar Kalifoniya ta Amurka a 1938. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, inda ya fara da injiniyancin lantarki kafin ya koma tattalin arziki, ya kuma sami digirin digirgir a 1968. A 1974 ya shiga sashen tsara birane na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wato UCLA, kuma ko da ya yi ritaya a 2015 bai daina rubutu da zuwa jami'ar ba, sau da yawa a kan keke. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu yana da shekara 86.

Abin da ya zaɓa ya ba rayuwarsa shi ne wurin ajiye mota, abin da muke kira fakin. A lokacin da ya fara, cikin shekarun 1970, wannan batu ne da babu malamin da ke son a san shi da shi. Shi da kansa yakan yi barkwanci da cewa a jami'a mai nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ne ke kan gaba, sai mai nazarin ƙasa ɗaya, can ƙarshen layi kuma sai mai nazarin ƙaramar hukuma, a cikin harkokin ƙaramar hukumar ma fakin ne ƙurar baya. Injiniyoyi sun shagala da motar da ke tafiya, masu tsara birane sun shagala da gidaje, aka bar motar da ke tsaye babu mai waiwayarta, ga shi kuwa mota takan kwashe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a tsaye. Fili ne da aka bari babu mai nomansa, shi kuma ya shige shi da garma.

Tambayar da ya fara yi mai sauƙi ce. Kusan kowane birni a Amurka yana da ƙa'idar da ke tilasta wa mai gini ya tanadi wani adadi na wuraren ajiye mota kafin a ba shi izini, misali wuri 4 ga kowane murabba'in ƙafa 1,000 na ofis. Shoup ya tambayi inda aka samo wannan lamba, sai ya tarar da amsa biyu, babu kuma mai daɗin ji a cikinsu. Ko dai birnin ya kwafo daga maƙwabcinsa, wanda shi ma kwafowa ya yi, ko kuma an ɗauko daga kundin da ƙungiyar injiniyoyin sufuri ta Amurka, ITE, take wallafawa. Da ya zauna ya bi kundin na 1987 shafi bayan shafi, sai ya ga cewa rabin lambobi 101 da ke ciki an gina su ne a kan ƙidaya huɗu ko ƙasa da haka, fiye da kashi ɗaya cikin biyar kuma a kan ƙidaya ɗaya tak. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na gidan abincin da ake saye daga cikin mota, inda kundin ya ce ana buƙatar wuri 9.95 ga kowane murabba'in ƙafa 1,000. Duk wanda ya ga 9.95 zai ɗauka an yi aiki na ƙwarai, tun da har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa, amma idan aka dubi ƙidaya 18 da aka tattara, babu wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin girman gidan abincin da yawan motocin da ke tsayawa a gabansa. Bayan haka kuma yawancin ƙidayar an yi ta ne a bayan gari, inda fakin kyauta ne kuma babu bas, a lokacin da wurin ya fi cika. Wato an auna yawan abin da mutane ke kwasa idan an ba su a banza, sannan aka mayar da wannan adadi doka.

Ya kuma tattaro ire-iren ƙa'idojin da birane suka rubuta, waɗanda in ba don suna cikin littafin doka ba da sai a ce almara ce. Akwai birnin da ya ce wurin ninƙaya ya tanadi fakin ɗaya ga kowane galan 2,500 na ruwa, akwai wanda ya ce gidan mata masu zaman ibada na cocin Katolika ya tanadi ɗaya ga kowace mace 10. Da irin waɗannan misalai ya riƙa sa mutane dariya a taruka, kuma ina ganin dariyar nan ta yi masa aikin da jadawalin lissafi ba zai yi ba, domin jami'in da aka yi wa ƙa'idarsa dariya a bainar jama'a yana jin nauyin sake tsayawa ya kare ta.

Sai dai batun ba na dariya ba ne idan aka zo ga kuɗi. Wurin ajiye mota ɗaya, idan aka haɗa da hanyar shiga da fita, yana cin kimanin murabba'in ƙafa 330, saboda haka ofishin da aka ce ya tanadi 4 ga kowane 1,000 zai ƙare da filin motoci da ya fi ginin kansa girma. A lissafin da ya kawo na birane 12 na Amurka a 2012, gina wuri ɗaya a garejin bene yana cin kimanin dala 24,000, na ƙarƙashin ƙasa kuma dala 34,000. Wannan kuɗi ba ya ɓacewa don direba bai biya ba. Mai gini yana zuba shi a kuɗin haya, mai kanti yana zuba shi a farashin kaya, sai ya zama matar da ta taka da ƙafa ta je sayen madara tana biya wa mai babbar mota fakin ba tare da ta sani ba. A ƙiyasinsa, tallafin ɓoye da ake ba wa fakin a Amurka a 2002 ya kai tsakanin dala biliyan 127 da biliyan 374. Wani misali da shi da ɗalibinsa Michael Manville suka kawo shi ne zauren kiɗa na Walt Disney da ke tsakiyar Los Anjeles, inda aka kashe dala miliyan 110 wajen gina gareji mai wuri 2,188 a ƙarƙashin ƙasa, aka gama shi shekara 7 kafin a buɗe zauren da aka yi garejin dominsa a 2003. An kafa ƙa'idar ne tun farko don kada motoci su cika bakin titi, amma sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: gine-gine suka yi nesa da juna, tafiya da ƙafa ta yi wuya, bas ya rasa fasinja, kowa ya koma neman mota, motar kuma ta nemi ƙarin fakin.

Duk wannan ya tattara shi a littafinsa na 2005, The High Cost of Free Parking, wanda ma'anar sunansa ita ce tsadar da ke ɓoye a cikin fakin na kyauta. Littafi ne mai shafi fiye da 700, kuma ban yi zaton zan iya gama shi ba sai da na fara.

Babin da ya fi zama a raina shi ne na zagayen neman wuri. Shi da ɗalibansa sun je Westwood Village, unguwar kasuwanci da ke jikin jami'arsu, suka riƙa zagayawa suna auna tsawon lokacin da direba ke ɗauka kafin ya sami wuri a bakin titi. Matsakaicin abin da suka samu minti 3.3 ne, tafiyar kusan rabin mil, abin da babu direban da zai ɗauke shi a bakin komai. Amma da suka ninka shi da yawan motocin da ke shiga da fita a 'yan layuka 15 na unguwar, sai ya zama mil 950,000 a shekara, daidai da zagaye duniya sau 38, da galan 47,000 na fetur da aka ƙona ana neman inda za a tsaya. Ina karanta wannan sai na tuna wata jajiberin Sallah da na je wata babbar kasuwa sayen yadi. Sau uku ina zagaye layi ɗaya, motoci sun yi sahu biyu a kowane gefe, masu adaidaita sahu suna ta danna mini hon, ga mai kura ya tokare hanya da buhunan shinkafa. A zagaye na huɗu wani saurayi ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Alhaji, zo nan, akwai wuri," ya janye wani benci da ya tare gurbin da shi, na shiga, na ba shi naira 200. A ranar haushi kawai na ji. Sai daga baya na gane cewa saurayin nan ya riga ya san abin da farfesan Amurka ya rubuta littafi a kai, wato wurin da kowa ke nema yana da farashi, kuma muddin aka sa masa farashi za a sami gurbi a buɗe.

Maganin da Shoup ya kawo kashi uku ne, kuma ya yi ta maimaita su har sai da suka zama kamar karatun allo a bakin masu tsara birane. A cire ƙa'idar tilasta gina fakin, a bar mai gini ya yanke abin da yake buƙata. A sa wa bakin titi farashin da zai sa kimanin kashi 85 cikin 100 na wuraren su cika, ta yadda daga wannan kwana zuwa waccan za a sami gurbi ɗaya ko biyu a buɗe, in wuri ya cika maƙil a ƙara kuɗi, in ya yi fayau a rage. Sannan a mayar da kuɗin da aka tara ga unguwar da aka tara shi.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa na biyun ba shi ya ƙirƙiro shi ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. William Vickrey na Jami'ar Columbia, wanda ya sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki a 1996, ya kawo shawarar canza farashin mita, wato na'urar biyan kuɗin fakin a bakin titi, gwargwadon buƙata tun 1954, mitar kanta kuwa tun 1935 aka fara kafa ta a birnin Oklahoma. Me ya sa shawarar ta yi rabin ƙarni a kwance, sai a hannun Shoup ta tashi? A nawa ganin amsar tana cikin kashi na uku, wanda siyasa ce zalla ba tattalin arziki ba. Babu ɗan kasuwar da zai yarda a kafa mita a ƙofar shagonsa idan kuɗin zai tafi baitulmalin birni ya ɓace a can. A tsohuwar unguwar kasuwanci ta birnin Pasadena da ke kusa da Los Anjeles, wadda ta lalace har masu saye suka guje ta, 'yan kasuwa sun daɗe suna ƙin mita, sai da hukumar birnin ta yi alkawarin cewa duk abin da aka tara a unguwar za a kashe shi, sannan suka amince, aka kafa mitocin a 1993 a kan dala ɗaya a awa. Da kuɗin aka gyara hanyoyin masu tafiya da ƙafa, aka sa fitilu, aka dasa itatuwa, aka ɗauki masu shara, aka kuma manna wa mitocin rubutun da ke gaya wa direba inda kuɗinsa ke zuwa. Waɗanda suka fi kowa ƙin mitar suka koma su ne masu tsaronta. Shoup bai tsara wannan ba, amma shi ne ya je ya nazarce shi, ya rubuta shi da harshen da kansila zai fahimta, ya kuma yi ta yawo da shi birni-birni.

Daga nan abin ya fara shiga doka, ko da yake ya ɗanɗana nasara tun kafin littafin. A 1992 Kalifoniya ta yi dokar da ta samo tushe daga bincikensa, wadda ta ce kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye da ke haya wa ma'aikatansa fakin dole ya ba su zaɓin karɓar kuɗin a hannu. Da ya bi diddigin kamfanoni 8 daga baya, ya ga masu zuwa aiki su kaɗai a mota sun ragu daga kashi 76 zuwa 63 cikin 100. A 2011 San Faransisko ta fara gwajin SFpark a kan wurare kusan 7,000, aka binne na'urori a cikin kwalta suna faɗin ko wuri a cike yake, ana ɗaga farashi ko a sauke shi kaɗan-kaɗan gwargwadon layi da lokacin yini. Abin da ya ba masu adawa mamaki shi ne matsakaicin farashin ya ɗan ragu, domin layukan da ake cajin fiye da kima suna da yawa. A 2017 Buffalo ta jihar New York ta zama babban birni na farko a Amurka da ya soke ƙa'idar tilasta fakin baki ɗaya, a shekarar kuma birnin Meziko ya juya tasa ƙa'idar daga mafi ƙarancin da dole a gina zuwa mafi yawan da ba za a wuce ba. Niyu Zilan ta umarci manyan biranenta su soke tasu a 2020, Minneapolis ta bi a 2021, Austin a 2023, ita kuwa Kalifoniya a 2022 ta haramta tilasta fakin ga ginin da ke cikin rabin mil daga babbar tashar jirgin ƙasa ko ta bas. Tsakanin rubutunsa na farko a kan batun da wannan doka an haura shekara 40, abin da ya isa a ɗauki malami aiki har ya yi ritaya.

Ba na son in zama cikin masu yabon da ba ya ganin aibi, ko da yake yana da su da yawa, har suna da zaure a Facebook da suke kiran kansu Shoupistas. Ba kowane sauyin doka ne ya fito daga alƙalaminsa ba. Landan ta koma tsarin mafi yawa tun 2004, kafin littafin ya fito. Soke ƙa'ida kuma ba ya sauya gari dare ɗaya. Da Daniel Hess da Jeffrey Rehler suka duba manyan gine-gine 36 da aka amince da su a Buffalo a shekara biyun farko, kusan rabinsu ne suka gina ƙasa da abin da tsohuwar ƙa'idar za ta nema, sauran sun gina daidai ko ma fiye. Akwai kuma maganar adalci. Idan aka ce masa farashi zai kori talaka daga bakin titi, amsarsa ita ce mafi talauci ba shi da motar ma, kuma shi ke biyan fakin na wasu a cikin kuɗin haya. Amsa ce mai ƙarfi, amma ba ta gamsar da ni game da ma'aikacin dare da ke zaune inda bas ba ya zuwa, wanda tsohuwar motarsa ita ce hanyar abincinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarinsa shi ne yadda lamba ke kuɓuce wa mai ita. A wata maƙala ta 2006 ya tattara bincike 16 da aka yi tsakanin 1927 da 2001 a cunkusassun tsakiyar birane, ya nuna cewa kason motocin da ke zagayen neman wuri ya kama daga kashi 8 zuwa 74 cikin 100, matsakaici kuma 30. Ya yi gargaɗi cewa an yi waɗannan ƙidayoyi ne a wuraren da dama ake sa ran samun masu zagaye. Amma yau za ka ga kamfanonin manhajar fakin da rahotannin hukumomi suna cewa kashi 30 na dukan zirga-zirgar birni neman fakin ne, ba wuri ba lokaci. Mutumin da ya yi suna wajen fallasa lambar da ake kwafa ba a bincika ba, sai ga tasa lambar ta shiga wannan hali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwafe-kwafe kuwa, in a mujalla ya fito, Google Scholar zai ƙirga masa shi a matsayin ambato, daidai da na wanda ya karanta ya fahimta.

Akwai kuma tasirin da ke tafiya da ƙafa biyu, wato ɗalibai. Manville, wanda yanzu farfesa ne a UCLA, shi ne ya nuna yadda dokar Los Anjeles ta 1999, da ta yafe wa tsofaffin gine-ginen tsakiyar birni ƙa'idar fakin, ta ba da damar mayar da ofisoshin da aka ƙaurace wa gidajen zama. Richard Willson ya rubuta wa jami'an birane jagorar gyara ƙa'idojinsu, wasu ɗaliban kuma da ba su taɓa wallafa maƙala ba suna zaune a ofisoshin tsara birane suna goge sakin layi daga littafin doka.

Ba na ganin za a ɗauko darasin Los Anjeles a dasa a garuruwanmu yadda yake, domin a can kusan kowane gida yana da mota, a nan kuwa mafi yawan jama'a a adaidaita sahu da bas da babur da ƙafa suke tafiya, bakin titinmu kuma mai tireda da mai shayi da mai lodin fasinja duk suna da rabo a cikinsa. Abuja ta taɓa gwada karɓar kuɗin fakin a bakin titi, har wata babbar kotu ta dakatar da tsarin a 2014 saboda babu dokar da ta kafa shi, kuma ban tuna na ji masu shaguna sun fito suna kukan rashinsa ba, abin da ya sa nake tuna Pasadena. A zangon karatu mai zuwa na yi niyyar tura ɗalibaina layin kasuwar nan da agogo da takarda, su ƙirga motocin da ke tsaye, da tsawon zaman kowace, da masu zagaye, tun daga hantsi har la'asar sakaliya. Wanda za su fara zama da shi kafin su rubuta komai shi ne saurayin nan mai benci, domin shi ya san ranar da ƙarfen da naira 200 ke komawa 500.